Jimar Ƙwaƙwalwa da Hayaƙi: Tarihin Fatar Barewa a Arewacin Amurka

A watan Janairu na shekarar 1806, ayarin binciken ƙasa da gwamnatin Amurka ta tura ƙarƙashin jagorancin Meriwether Lewis da William Clark yana zaune a wani ɗan sansani da suka gina kusa da inda kogin Columbia yake zuba cikin tekun Pasifik. Kusan shekara biyu ke nan rabonsu da gida, kuma tufafin da suka fito da su sun ƙare, ruwan saman wannan yanki ya ruɓar da abin da ya rage. Fata ba ta yi musu wuya ba, domin maharbansu suna kawo wani babban dangin barewa da ake kira elk. Abin da Lewis ya koka da shi a littafinsa na yau da kullum, ranar 23 ga watan, shi ne ƙarancin ƙwaƙwalwar dabba. Ya ce mutanensa suna shan wahalar gyaran fatu saboda rashinta, ba su da sabulun da zai maye gurbinta, kuma itatuwan da suke ƙonawa ba sa barin tokar da za a jiƙa. Duk da haka, kafin su kama hanyar komawa a watan Maris sun ɗinka takalman fata fiye da ƙafa 300.

Wanda ya saba da majemar ƙasar Hausa zai yi mamakin wannan kuka. A Kano ko Damagaram ko Maraɗi, abin da majemi yake nema shi ne bagaruwa, ita ce take kama jikin fata ta hana ta ruɓewa, ta bar ta da ƙarfi da fuska mai santsi wadda take karɓar rini. Ƴan asalin Arewacin Amurka wata hanya suka bi. Kayan jimarsu su ne ƙwaƙwalwar dabbar da aka kashe, da ƙarfin hannu, da hayaƙin ruɓaɓɓen itace, kuma abin da yake fitowa daga hannunsu ya fi kama da yadi mai kauri da laushi fiye da fatar da dukawa suke yin jaka da ita. Ana sa shi a jiki kai tsaye, iska tana ratsa shi, ƙaya ba ta yaga shi da sauƙi, ba ya kuma ƙara idan maharbi yana sanɗa cikin daji.

Dabbar da aka fi jeme fatarta ita ce barewa mai farin bindi, wadda ta cika dazuzzukan gabashin nahiyar. Ba irin barewar Sahel ba ce, ƙahonta mai rassa ne, namiji kaɗai yake da shi, kuma yana zubar da shi kowace shekara. Amma sunan barewa shi ne mafi kusa da ita a Hausa.

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da aka rubuta a kan wannan aiki shi ne na John Lawson, wani Bature mai awon ƙasa da ya ratsa Karolina ya wallafa littafin tafiyarsa a 1709. Ya ga ana jiƙa fata a ruwa, a kankare gashin da wani ƙarfen hannu da aka sassaƙa daga ƙashin ƙafar barewa, ko da wuƙar ƙarfe mai mariƙi biyu da aka saya wurin Turawan Ingila. Ƙwaƙwalwar kuwa tun da farko an mulmula ta kamar waina an gasa cikin garwashi don ta ajiyu, sai a narkar da ita a kwanon ruwa a tsoma fatar. Daga nan a riƙa shanya ta a hankali ana gurzarta da ɓawon kawa har ta bushe. Lawson ya lura da abu biyu da duk mai wannan sana'a ya sani har yau: fatar da aka tsaya a nan da ita takan ƙandare idan ta jiƙe, sai an turara ta da hayaƙi, sannan ɗanyar masara da aka kirɓa tana iya yin aikin ƙwaƙwalwa.

Kowane mataki yana da dalilinsa, kuma masu aikin sun san dalilan tun kafin ilimin sinadarai ya sa musu suna. Fata saƙa ce ta zaruruwa masu ƙanƙanta da ake kira kolajin, kuma tsakanin zaruruwan akwai wani abu mai yauƙi wanda yake zama kamar danƙo idan ya bushe. Shi ya sa ɗanyar fata da aka bari a rana take zama kamar allo. Aikin majemi kaf shi ne ya hana zaruruwan nan mannewa. Da farko yana kankare nama da kitse da tantanin ciki. Sannan ya juya ta waje ya cire gashi tare da siririn ɓawon da yake ƙarƙashinsa, wato fuskar fata. Wannan ɓawo shi ne majemin bagaruwa yake tattalinsa domin shi ne kyan fata a wurinsa, amma a jimar ƙwaƙwalwa shi ne babban cikas, tunda duk inda aka bar ko ɗan tabonsa mai ba zai shiga ba, wurin kuma zai fito da tauri. Al'ummun da suke dazuzzukan gabas sun fi kankare fata tana jiƙe, a ɗora ta a kan gungumen da aka jingina a riƙa turawa da ƙashi. Na filayen tsakiyar nahiyar kuwa, masu fama da manyan fatun ɓauna, sukan ɗaure ta a firam ko su kafe ta a ƙasa da turaku ta bushe, su aske ta da wata ƴar fartanya mai ƙotar ƙaho. Gidajen tarihi suna da irin waɗannan ƙotoci da yawa masu ɗauke da ɗigo-ɗigo da zane da matan suka yi don lissafi, kuma uwa takan bar wa ƴarta tata.

Ƙwaƙwalwa tana da mai, tana kuma da wani sinadari da yake haɗa mai da ruwa su gauraya ba su rabu ba, irin wanda yake cikin gwaiduwar ƙwai. Saboda haka idan aka dama ta da ruwan ɗumi, ruwan yakan ɗauki man ya kai shi can cikin fata ya lulluɓe kowane zare. Ana tsomawa, a murɗe fatar da sanda kamar mai matsar wanki, a sake tsomawa, wani lokaci sau uku ko huɗu. Majeman Amurka suna da wata magana da suke yawan faɗa, wai kowace dabba tana da ƙwaƙwalwar da za ta isa jeme fatarta. Ga barewa maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ga ɓauna kuwa sai an ƙara da hanta ko kitse.

Mafi wuyar aikin yana zuwa ne bayan wannan. Daga lokacin da fata ta fara tsanewa har ta bushe ƙarau, ba a barin ta ta huta. Ana ja, ana miƙarwa, ana goga ta a kan igiya ko kan turke mai kaifin baki, a juya ta tsaye a juya ta kwance, domin zaruruwan su kasance cikin motsi yayin da ruwa yake fita. Wuya da gadon baya sun fi kauri, su ne suke bushewa a ƙarshe, daidai lokacin da hannu ya gaji. Idan aka tashi aka bar ta da sauran danshi ko kaɗan, wurin zai ƙandare, sai a koma a sake tsomawa a fara daga farko. Ba a raba wannan mataki gida biyu, kuma yakan cinye sa'o'i masu yawa a zama ɗaya. Abin da yake fita daga ciki fata ce fara fat mai laushin auduga.

Saura hayaƙi. George Catlin, mai zanen da ya zaga al'ummun kogin Missouri a shekarun 1830, ya yaba wa matan ƙabilar Crow a kan gyaran fata, ya kuma bayyana yadda ake haƙa ɗan rami a hura wuta da ruɓaɓɓen itace mai yawan hayaƙi da ƙarancin harshe, a kafa sanduna kewaye da ramin a lulluɓe su da fata kamar ɗan tanti, a sa fatun da za a turara a ciki. Hayaƙi yana ɗauke da sinadaran da suke ɗaure zaruruwan a yadda suke a buɗe, ta yadda ko ruwa ya jiƙa fatar, idan ta bushe aka ɗan murza ta sai ta koma da laushinta. Yana kuma korar ƙwari, ya ba ta launi daga ruwan zuma zuwa ƙasa-ƙasa, gwargwadon itacen da daɗewar turarawa. Farar fata da ba a turara ba takan zama ta ado da bukukuwa, tunda ruwan sama guda ya isa ya ɓata ta.

A mafi yawan waɗannan al'ummu maza ne suke farauta, mata suke jima. Ba sana'ar wata unguwa ko wani gida ba ce da ake gado, ilimi ne da ake sa ran kowace mace ta tashi da shi, kamar daka da girki, kuma ana auna darajar gida da kyan fatun da suke jikin mutanensa. Muddin don sutura da shimfiɗa da kyauta ake yi, yawan abin da ake kashewa bai wuce abin da hannuwan matan gida za su iya gamawa ba. Wannan iyaka ce kasuwar Turai ta rushe.

Turawan Ingila sun kafa garin Charleston a Karolina a 1670, kuma kafin shinkafa ta kankama a gonakinsu, fatar barewa tana cikin manyan abubuwan da suka riƙe garin. A Ingila ana neman ta don wandunan hawan doki, da safar hannu, da bangon littattafai, da kayan sirdi. Annobar bushiya da ta yi ta kashe shanu a Turai cikin ƙarni na 18 ta ƙara wa fatar daraja. Tsakanin 1699 da 1715, Charleston tana fitar da fatu sama da 50,000 a kowace shekara bisa matsakaicin lissafi, a 1707 kuwa adadin ya haura 120,000. Fatake sukan ɗora kaya a kan dawaki su shiga ɗaruruwan kilomita cikin ƙasashen Cherokee da Creek da Chickasaw da Choctaw, Faransawa kuma suna jan nasu rabon ta Mobile da New Orleans. Bayan an kafa Augusta a bakin kogin Savannah a tsakiyar shekarun 1730, sai ta zama babban zangon wannan fatauci. A 1764 John Stuart, jami'in Birtaniya mai kula da hulɗa da ƙabilun kudu, ya ƙiyasta cewa nauyin fatun da suke fita daga yankin a shekara ya kai laba 800,000.

Fata ta zama kuɗi. Wata yarjejeniyar farashi da aka yi da Cherokee a 1716 ta sa bindiga a kan fatu 35, bargo a kan 16, harsashi talatin a kan fata ɗaya. A Turancin Amurka har yau ana yi wa dala laƙabi da buck, wato sunan namijin barewa, kuma masana harshe da yawa suna mayar da asalin laƙabin ga wannan zamani. A 1748 wani tafinta mai suna Conrad Weiser ya rubuta farashin gangar barasa a yankin Ohio da wannan kalma, yana nufin fatu biyar.

Littattafan tarihi sun fi tsayawa a kan maharba da fatake, amma kowace fata daga cikin dubban nan sai da ta bi ta hannun mace. Farautar hunturu, wadda a da ƴar gajeruwa ce, ta koma ta watanni, iyalai suna barin gari tun daga kaka su zauna a sansanonin daji, mata suna kankara suna shanya. Fatake suka raba fatu kashi uku: gamammiya, da mai rabin gyara, da ɗanya mai gashi. Gamammiya ta fi tsada, sai dai babu hannun da zai iya gama adadin da ake nema, kuma majeman Turai ba su damu da ita sosai ba, domin suna da tasu hanyar jima da man kifi da za su ƙarasa aikin yadda kasuwarsu take so. A hankali mai rabin gyara ta zama ita ce ta yau da kullum, bayan 1760 kuma ɗanyun fatu suka yi ta ƙaruwa a cikin kaya. A daidai wannan lokaci yadin ulu na Ingila da riguna da barguna suka maye gurbin fata a jikin masu ita. Zamanin da aka fi kashe barewa a tarihin yankin shi ne zamanin da gyaran fata mai kyau ya fara ja baya.

Sai kuma bashi. Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan nasa tsarin daban yake. Bafatake yakan ba maharbi bindiga da albarushi da yadi a farkon hunturu, a kan zai biya da fatu idan ya dawo. Shi kansa bafataken bashi ya ɗauko wurin attajirin Charleston, attajirin kuma wurin na Landan. Idan farauta ba ta yi kyau ba, ko aka tare maharbi da barasa a hanya ya sayar da fatunsa kafin ya iso gida, sai bashin ya tsallaka shekara ta gaba. Mudu da ma'auni suna hannun bafatake. Ƙabilar Yamasee, wadda take zaune kusa da gaɓar teku inda barewa ta fara ƙarewa, ita ta fara ɗanɗana ƙarshen wannan hanya. Bashin da ake bin su ya kai abin da ba za su iya biya ba ko sun yi shekaru suna farauta, ga shi kuwa a lokacin ana kama ƴan asalin ƙasa a sayar a matsayin bayi, har wasu fatake suna kama mata da ƴaƴan wanda ya kasa biya. A watan Afrilu na 1715 suka tashi, suka kashe fatake da wakilan gwamnati, wasu ƙabilu suka mara musu baya, yaƙin ya kusa share Karolina ta Kudu. Da aka ci su, waɗanda suka tsira suka gudu zuwa Florida wurin Sifaniyawa, Turawan Ingila suka rabe ƙasarsu.

Daga baya ma ba a buƙaci yaƙi ba. A taron Augusta na 1773, Creek da Cherokee suka sallama wa Jojiya ƙasa fiye da hekta 800,000 domin a shafe basussukan da fatake suke bin su. Bayan Amurka ta sami ƴancin kai, kamfanin Panton, Leslie, na wasu ƴan Scotland da yake da cibiya a Pensacola, ya riƙe yawancin cinikin kudu, bashinsa kuma ya taru a kan ƙabilun. Shugaba Thomas Jefferson bai ɓoye yadda yake kallon lamarin ba. A wata wasiƙa da ya aika wa William Henry Harrison a watan Fabrairu na 1803, ya nuna cewa gwamnati za ta faɗaɗa shagunanta na ciniki, kuma za ta ji daɗin ganin manyan mutanen ƙabilun sun shiga bashi, domin an lura idan bashi ya fi ƙarfin mutum yakan yarda ya sauke shi da sallama ƙasa. Shekara biyu bayan haka, a yarjejeniyar Mount Dexter ta 1805, Choctaw suka ba da ƙasa fiye da hekta miliyan ɗaya da rabi, kuma mafi yawan kuɗin da aka biya bai shiga hannunsu ba, ya wuce ga masu bin bashi. Lokacin da aka yi dokar kwashe ƙabilun zuwa yammacin kogin Mississippi a 1830, cinikin fata ya riga ya mutu a kudu, barewa ta yi ƙaranci, auduga ce take neman fili.

Irin wannan labari ya faru a wani gefen duniya tun kafin nan. Lokacin da kamfanin Holan yake riƙe da Taiwan, daga 1624 zuwa 1662, ya riƙa kwasar fatun barewar tsibirin zuwa Japan, inda ake yin kayan sulke da jakunkuna da su, a wasu shekarun 1630 fiye da 100,000 a shekara. Barewar ba ta sake komawa yadda take ba, kuma a ƙarni na 20 ta ɓace daga dajin tsibirin, sai daga baya aka sake sakin waɗanda aka kiwata.

Ta Amurka ta kusa bin sahu. Tun a 1646 garin Portsmouth na Rhode Island ya sa dokar hana farautarta a wani ɓangare na shekara, alamar cewa ƙarancin ya fara da wuri. Maharban kasuwa na ƙarni na 19 suka ƙarasa abin da ya rage, har a wajen 1900 aka ƙiyasta abin da ya saura a ƙasar duka bai wuce rabin miliyan ba. Dokar Lacey ta wannan shekara, wadda ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, da dokar 1937 da ta ware harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji, su suka juya lamarin. Yau ana ƙiyasta yawanta da kusan miliyan 30.

Ita kuwa jimar ba ta farfaɗo da irin wannan sauri ba. A 1884 Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da sinadarin kurom a New York, wadda take gama fata cikin kwana ɗaya ko biyu, masana'antu suka rungume ta, har da na garin Gloversville da ya yi suna a safar hannu ta fatar barewa. Makarantun kwana da gwamnatocin Amurka da Kanada suka tilasta wa ƴaƴan ƙabilun shiga sun raba ƴan mata da iyayensu mata a shekarun da ake koyon aikin, kuma ilimi irin wannan, wanda a tafin hannu yake zaune, tsara ɗaya ta isa ta yanke shi. Inda ya fi tsira shi ne arewacin Kanada, wurin Dene da Cree, da wasu gidaje a yammacin Amurka, inda tsofaffin mata ba su daina ba. A ƴan shekarun nan matasa suna shirya sansanonin jima su gayyato waɗannan tsofaffi su koya musu, masu ɗinkin duwatsun ado kuma suna biyan fatar hayaƙi da tsada, domin allura tana ratsa ta cikin sauƙi, ɗinki kuma yana zama daram.

Wani abu guda ya sauya a cikin kwanon. Tun 1967 aka gano wata cuta a Colorado da take cin ƙwaƙwalwar barewa da danginta ta rame ta mutu, kuma ta yaɗu zuwa jihohi da yawa da wasu lardunan Kanada. Hukumomin namun daji suna gargaɗin a guji taɓa ƙwaƙwalwa da lakar dabbobin da aka harbe a waɗannan yankuna. Don haka majema da yawa yanzu ƙwaƙwalwar alade suke saye a mahauta, wasu kuma su kaɗa gwaiduwar ƙwai, ko su dama sabulu da mai, wato abin da Lewis ya nema ya rasa a bakin kogin Columbia.